Kamfanin Da Aka Kafa Don Ya Faɗi

Ranar da aka ce na ci kwangilar haƙa rijiyoyin burtsatse shida, ina zaune ne a shagona ina sauya zif ɗin wandon wani malamin makaranta. Wani mutum ya tsaya da babur a ƙofa, bai ko kashe shi ba. Ya dubi ambulan ɗin da ke hannunsa, ya dube ni, ya sake duban ambulan ɗin.

"Ina shugabar kamfanin?" in ji shi.

Na ce masa nan shagon ɗinki ne, wataƙila ya yi ɓatan kai. Ya karanto lambar ƙofa, daidai take. Ya karanto suna, sai na ji sunana ne da na mahaifina, amma an jera masa wasu kalmomin Turanci uku a baya kamar wutsiya. Na sunkuyar da kai. Ni haka nake, idan baƙo ya yi mini magana sai harshena ya yi nauyi, in rasa inda zan sa idona.

Mai faci, wanda rumfarsa ke jikin bangon shagona, ya leƙo, hannunsa duk baƙin mai.

"Auta, ashe kamfani gare ki kika bar mu muna ta kokawa da tayoyi? Allah Ya sa a tuna da maƙwabta."

Mai babur ya miƙo mini littafi in sa hannu. Na rubuta sunana a hankali, harafi bayan harafi, yadda aka koya mana kafin in bar makaranta a aji huɗu. Ya tafi ya bar ni da ambulan a cinya.

Shagon nan ba nawa ba ne. Ɗaki ne a bayan gidan mijin yayata, da can bututun ruwa ake ajiyewa a ciki. Ƙofarsa tana kallon layin baya, shi ya sa lambarsa ta bambanta da ta gidan. Akwai wata ƙofar ta ciki da ke shiga tsakar gida, amma an tare ta da tsohon kabad. Da mahaifiyarmu ta rasu shekara uku da suka wuce, Yaya ta ɗauko ni da keken ɗinkin Inna, mijinta ya sa aka kwashe bututun, ya ce in zauna. Gado kuma ya ba ni a ɗakin 'ya'yansa mata. Injiniya ake kiransa, ko da yake Yaya ta ce bai taɓa karatun injiniya ba, a bayan motar haƙa rijiya ya koyi komai.

Na rufe shago na zagaya da takardar. Na same shi a falo yana shan shayi, Yaya tana ninke kayan yara.

"Matata ta biyu, yau kin tashi da wuri," ya ce, yadda ya saba zolayata. Ya karɓi takardar yana murmushi. Ya karanta. Murmushin ya tafi. Ya miƙe tsaye, ya zauna, ya sake miƙewa.

"Ba zai yiwu ba. Ya za a yi ta ci? Ita fa don ta faɗi aka sa ta!"

"Wa ya ci me?" in ji Yaya.

"Ƙanwarki! Ta ci kwangilata!"

Suka juyo suna kallona su biyu, kamar na ɗauki wani abu a aljihunsa. Na ce wallahi ban ci komai ba, tun safe ina kan wandon malam.

Sai a lokacin na tuna. Wata biyar da suka wuce ya karɓi katin shaidata, ya ce za a yi wa mutanen gida wata rajista. Ya kai ni aka ɗauke ni hoto da aron mayafin Yaya, ya shimfiɗa takardu huɗu a kan gaban motarsa ya nuna mini inda zan rubuta sunana. Ban tambaya ba. Mutumin da ya ba ka ɗaki da gado, ba ka ce masa karanta mini tukuna.

Da Yaya ta matsa masa, ya jawo kofuna uku ya jera a kan tebur. Ya ce ƙungiyar da ke ba da kuɗin rijiyoyin ba ta yarda a kira mutum a miƙa masa aiki haka kawai. Sai kamfanoni uku aƙalla sun yi takara, kowa ya rubuta farashinsa ya rufe a ambulan, ranar buɗewa mai arha ya ɗauka. Ya taɓa kofi na farko. "Wannan ni ne." Ya taɓa na biyu. "Wannan Dogo ne." Dogo direbansa ne, wanda ke tuƙa motar haƙa. Ya taɓa na uku. "Wannan Auta ce." Yana da mutum a ofishin ƙungiyar na garinmu, shi ke raɗa masa iyakar kuɗin da aka ware. Sai ya sa nasa farashin ƙasa kaɗan da wannan, na Dogo ya yi sama sosai, nawa kuma ya ɗara nasa da kaɗan don a ga kamar an yi takara ta gaske.

"To in nata ya fi tsada, ya aka yi ta ci?" in ji Yaya.

"Abin da nake tambaya ke nan, ai!"

Ya buga wa mutuminsa na ofis waya, ya fita tsakar gida. Muna jiyo shi yana cewa, "Wane shafi? Sha bakwai? Ai bara babu wannan." Ya dawo ya zube a kujera. Ashe bana ƙungiyar ta ƙara sabuwar doka: idan kamfanin mace ne, ana rage kashi goma cikin ɗari daga farashinta kafin a gwada shi da na sauran, don a ƙarfafa wa mata gwiwa. Shi kuwa bai karanta takardun bana ba, na bara ya ba mai buga takardu ya ce a sauya kwanan wata. Da aka rage mini kashi goman, sai nawa ya zama mafi arha.

Yaya ta fara dariya a cikin zanin da take ninkewa, ta kasa tsayawa, har da hawaye. Ni dai ban gane ba. Na fi tsada, kuma na fi arha. An sa ni in faɗi, na faɗi ba daidai ba.

Can sai na ga fuskar Injiniya ta fara sakewa. Ya ce ai ma babu laifi, tunda farashina na gaskiya za a biya, kuma ya fi nasa. Shi zai yi aikin, sunana ne kawai a gaba. Ya ce daga yau Darakta zai riƙa kirana. Ya ɗauki takardar zai ninke, idonsa ya faɗa kan layin ƙasa, ya karanto mana. An rubuta cewa ranar Alhamis wata jami'a za ta zo daga babban ofishin ƙungiyar, ta ga wurin aikin kamfanin da ya ci, ta yi magana da mai shi, kafin a sa hannu.

Kwana huɗu muke da su.

Washegari Dogo ya zo da wani ƙaton allo na katako, fari, an rubuta sunana da shuɗin fenti da wutsiyar nan ta Turanci. Suka kafa shi a saman ƙofa. Aka kwashe atamfofin mutane da ke rataye, aka tura su cikin kabad. Aka shigo da teburin ƙarfe da kujera mai juyawa, da kalanda mai hoton manyan motoci, da hular kwano biyu. Kekena aka tura shi lungu. Na ɗauko rigar da na ɗinka masa saboda ƙura, wani koren yadi mai zanen ƙananan ganyaye, na rufe shi. Mai zuwa karɓar ɗinki sai ta tsaya a ƙofa ta ɗaga kai ta karanta allo, ta dube ni a kujera mai juyawa, ta ce, "Ko kin daina ne?" In ce mata ban daina ba. Ta ce to me ake yi a nan yanzu? In ce ɗinki.

Kullum bayan la'asar Injiniya yana zaunar da ni ya yi mini bita.

"Ma'aikata nawa gare ki?"

"Sha biyu."

"Zurfin kowace rijiya?"

"Yadi tamanin."

"Mita! Mita tamanin! Ba shadda za ki yanka ba."

"Mita tamanin."

"Motar haƙa ta wa ce?"

"Taka ce."

Ya dafe kai. "Taki ce, Auta. Taki. Ni ba ki ma san ni ba. Ni abokin takararki ne, kin kayar da ni. Idan ta ambaci kamfanina ki ce kina dai jin sunansa a gari."

Wannan ne ya fi ɗaure mini kai. Mutumin da nake cin abincinsa safe da rana, in ce ban san shi ba, kuma shi ne ya ce in faɗi haka, kuma in na faɗa na kyauta masa. Saboda wannan dalilin ma ba zai iya zama tare da ni ranar ba. Ya ce kada in damu, zai tsaya a bayan ƙofar ciki, bayan kabad, yana jin komai.

"Ke dai ki yi abin da kika fi iyawa," ya ce. "Ki sunkuyar da kai ki yi shiru. Amsa ɗaya-ɗaya. Za ta ce kunya ce ta tashi."

Ranar Laraba da rana na sami Yaya a kicin tana wanke tukwane. Na ɗauki soso na tsuguna kusa da ita. Na ce, "Yaya, in aka gane fa, wa za a kama?"

Ba ta ɗago ba. "Ba za a gane ba."

"Amma sunan wa ke jikin takardun?"

Ta daɗe tana goge gindin tukunya ɗaya da ta riga ta fita. Sannan ta ce, "Auta, ki yi abin da ya ce kawai. Shekara nawa yana yin haka ba abin da ya faru. In kika ɓata masa, ina za ki je? Ni kuma ina zan sa kaina da yara huɗu?"

Shi ma da yamma, bayan bita, bai yi zolaya ba. Ya ce, "Shekara uku ban taɓa neman komai a wajenki ba, ko na ɗakin nan ko na gado. Gobe ne kawai nake nema." Na ce to. Na san abin da yake nufi, ba sai ya ƙarasa ba.

Jami'ar ta zo da hantsi. Na zaci za ta zo da 'yan sanda ko jerin motoci. Ita kaɗai ta sauko daga tasi, dattijuwa ce gajera mai tabarau, da takalmi marar tsini da wata jaka mai nauyi da ta karkatar mata da kafaɗa. Mai faci, wanda Injiniya ya sanya wa hular kwano ya ce ya zama shugaban ma'aikatana, ya ƙame ya sara mata. Ta dubi hular, ta dubi tayar da ke gabansa cikin baho, ta ce masa sannu da aiki.

Tana shigowa sai na ji kyat. Wata ƙusa da Dogo ya bari a jikin ƙofa lokacin kafa allo ta kama hannun rigarta, ta yage shi daga gwiwar hannu zuwa kusan wuyan hannu. Ta yi ɗan tsaki ta naɗe wurin, ta ce ba komai. Na ba ta kujera. Ta fito da fayil uku masu kauri ta ɗora a tebur.

"'Yata, ke ce mai kamfanin?"

"Ni ce, ranki ya daɗe."

"Barka da nasara. Ma'aikata nawa gare ki?"

"Sha biyu."

"Suna ina yau?"

Ba a koya mini wannan ba. Na dubi kabad. Kabad bai ce komai ba. Na ce, "Sun fita."

Ta rubuta wani abu. Ta tambayi zurfi, na ce mita tamanin, na ji daɗi ban ce yadi ba. Ta tambaya idan aka yi mita tamanin ba a sami ruwa ba me nake yi. Na sunkuyar da kai. Ta tambayi a ina nake sayen bututu. Na ƙara sunkuyarwa. Ba ta ɗaga murya ba, sai dai ta jira, ta rubuta, ta yi wata tambayar. Ni kuwa idona ya ƙi barin hannun rigarta. Duk motsin da ta yi da biro sai yagewar ta ƙara buɗewa, zare yana warwarewa ɗaya bayan ɗaya. Leshi ne mai laushi, irin wanda in aka bar shi ya kai yamma sai an yanke hannun gaba ɗaya.

Ban san lokacin da na ce, "Hajiya, in ba a kama shi yanzu ba zai lalace."

Ta ɗago. "Kin san mai ɗinki a kusa?"

"Minti biyar ne kawai," na ce.

Rigar sama ce mai buɗaɗɗen gaba, ta cire ta miƙo mini, ta gyara mayafinta. Na jawo kekena daga lungu, na yaye rigarsa na ajiye a kan tebur, na zaɓi zare, na zauna. Da ƙafata ta hau feda sai na ji numfashina ya dawo daidai. Ni dama sai hannuna yana kan aiki nake iya magana da mutane. Ta tambaye ni tun yaushe na iya, na ce tun ina ƙarama a gefen Inna. Ta ce ɗinkin zamani duk gaggawa ne, na ce ai laifin zare ne, na yanzu ba ya jure wanki. Har dariya muka yi.

Sai ta ce, "Bari in nuna miki wani abu, ki taimaka mini. Ni idona ya tsufa."

Ta zaro hoto ɗaya daga kowane fayil ta jera su a gefen keke. Ta ce doka ce kowane kamfani ya sa hoton motar haƙarsa. Na duba. Ta farko an ɗauke ta daga gaba, ta biyu daga gefe, ta uku daga ɗan nesa a gindin bishiya. Lambobinsu daban-daban, sunan da ke jikin ƙofa ma daban.

"Wacce ce taki?"

Na nuna wadda ke da sunana.

"Madalla. Mota mai kyau. Har da labule a tagar direba." Ta kawo hoton kusa da tabarau. "Amma wanda ya ɗinka labulen nan bai iya ba. Dubi kusurwar ƙasa, kore ne duka sai ya liƙa wani rawaya. Kamar aikin ɗan koyo."

"Ba rashin iyawa ba ne," na ce. "Yadin ne bai kai ba. Na gaya wa Dogo ya ƙaro rabin yadi ya ce rana na dukansa ba zai jira ba, in sa duk abin da na samu. Ki duba kalmasar, ai a miƙe take."

"A miƙe take kuwa," in ji ta. "A duka ukun."

Ƙafata ta tsaya a kan feda.

Na sake duban hotunan. A na farko ga labulena a bayan gilashi, kore mai ƙananan ganyaye, da facin rawaya a kusurwa. A na biyu ga shi ya leƙo ta taga. A na uku ƙarami ne, amma rawayan yana nan kamar ɗigon man ja. Sun sauya lamba, sun sauya sunan ƙofa sau uku, babu wanda ya tuna da labule. Hannun jami'ar kuwa yana kan rigar kekena da ke tebur, tana shafa koren yadin da babban yatsa. Da ragowar yadin rigar na yi labulen.

"Dogo kuma," ta ce a hankali, tana buɗe fayil na biyu, "ina jin shi ne mai wannan kamfanin. Abokin takararki."

A bayan kabad wani abu ya motsa. Ta dubi wajen.

Na rasa ko yanzu ne ya kamata in ce ban san shi ba, ko lokacin ya wuce. Na rasa ma wa zan ce ban sani ba, Dogo, ko Injiniya, ko labulen.

Ta matso da kujerarta, ta rage murya. Ta ce tun kafin ta taso ta ga alamu. Ambulan ukun nan a cikin minti huɗu aka jefa su cikin akwatin takara, kuma motocin sun yi mata kama, sai dai ba ta da tabbas. Ta ce bara an ba da rijiyoyi huɗu a irin wannan takara, ta je ta gani da idonta, biyu sun ƙafe, domin an rubuta mita tamanin an haƙa talatin. Matan ƙauyen sun koma rafi.

Ta ɗora takardu biyu a gabana. "Wannan ta karɓar kwangila ce. In kika sa hannu, kin ce kamfanin naki ne, kin san komai, kuma duk abin da ya biyo baya ke za a nema, ba wanda sunansa ba ya ciki ba. Wannan kuwa farar takarda ce. Ki faɗa mini yadda aka yi in rubuta, in karanta miki, in kin yarda ki sa hannu. Ba zan ce miki ba abin da zai same ki a gida ba, ban san gidanku ba."

Na dubi takardun. Na tuna gadona kusa da taga, da ƙaramar 'yar Yaya da ba ta barci sai ta riƙe gefen zanina. Na tuna tukunyar da Yaya ta yi ta gogewa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Wacce ce in na sa hannu zan daina zama kamfani?"

Ta taɓa farar.

Na gama ɗinke hannun rigarta tukuna, na yanke zare, na miƙa mata. Sannan na ɗauki wani ƙyalle na sa a ƙarƙashin allura na fara taka keke. Ba don komai ba, don in iya magana, kuma don kada na bayan kabad ya ji muryata tana faɗin sunansa. Na faɗi katin shaida, da hoto, da takardu huɗu a gaban mota, da kofuna uku, da shafi na sha bakwai, da mutumin ofis wanda ban san fuskarsa ba. Ina faɗa ina ɗinki, in kai ƙarshen ƙyallen in juyo. Kafin ta gama rubutu ƙyallen ya yi tauri kamar fata. Ta karanta mini, na rubuta sunana, harafi bayan harafi.

Da ta tafi na jira a ture kabad. Ba a ture ba. Mai faci ya leƙo ya ajiye hular kwano a bakin ƙofa, ya ce, "Darakta, ni na yi murabus," amma da ya ga fuskata bai yi dariya ba.

Injiniya bai yi mini faɗa ba. Da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya daina kirana da kowane suna, in muka haɗu a tsakar gida sai ya dubi bango. Yaya tana zuba mini abinci ta tura kwanon ba ta kalle ni ba. Bayan mako biyu takarda ta zo masa, ya karanta a tsaye. Washegari ya aiko Dogo ya ce mini an yi odar bututu, ana bukatar ɗakin. Ba a ambaci gado ba, amma na naɗe kayana.

Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, tana zaune a can ƙarshen gari, ta ce in zo, barandarta ba a komai da ita. Dogo ne ya kai ni a ƙaramar mota, da keke da akwati. Da zai tashi ya ɓamɓaro allon nan daga saman ƙofa ya jefa a baya, ya ce sunana ne a jiki, ba wanda zai yi amfani da shi. A hanya na kasa kallonsa. Na ce ya yi haƙuri, sunansa ya fita a bakina.

"Ke dai bari," ya ce. "An ce an hana kamfanina aiki shekara biyar. Ni ko ƙofarsa ban taɓa gani ba. Da ma sun nuna mini shi kafin su rufe." Can ya ƙara da cewa, "Rabin yadin nan dai da na saya."

Ni ma takarda ta biyo ni gidan Gwaggo. Na ajiye ta har malamin makarantar nan ya nemo ni ya kawo wani wandon, na roƙe shi ya karanta mini. Ya ce an soke takarar za a sake sabuwa, an dakatar da wani ma'aikaci a ofis, an kuma hana kamfanoni uku neman aiki. Ɗaya daga ciki mai sunana ne. Amma a ƙasa an rubuta cewa ni kaina ba ni da laifi, an gode mini. Na tambaye shi ya za a yi a hana sunana a bar ni. Ya sake karantawa, ya cire hula ya sosa kai, ya ce shi ma bai gane ba sosai, amma yana ganin alheri ne.

Allon na ɗora shi a kan bulo huɗu, na kifa rubutun ƙasa. Bayansa sumul yake, ban taɓa samun teburin yanka mai faɗinsa ba.

Wata guda da kwana tara ban ga Yaya ba. Ranar wata Asabar da rana ina yanka sai na ji sallama. Ita ce, da leda a hannu, ƙaramar tana riƙe da gefen mayafinta. Ta rame kaɗan. Ta gaida Gwaggo, ta zauna a bakin baranda, ta zazzage kayan makarantar yara a kan allon.

"Ta babban ta yi masa kaɗan," ta ce. "Wannan kuma aljihu ya fita. Na kai wa wani tela a layinmu ya ɓata mini."

Na ɗauki rigar na juya ta. Ina so in tambaye ta ko ya san ta zo, ko har yanzu tana fushi, ko an sa bututun a ɗakin da gaske. Ta shafa katakon da tafin hannu, ta leƙa ƙarƙashinsa, ta ga shuɗin fenti. Ta ɗago ta dube ni, bakinta ya motsa, ban gane ko dariya take dannewa ko kuka ba.

"Akwai sauran yadi a kalmasar," na ce. "Zan sake ta."

Ta ce to. Ƙaramar ta zagayo ta kama gefen zanina, na jawo keke.